Al-Fihrist na Ibnun Nadim: Shaidar Wani Warraƙi a Kan Littattafan Magabata

A shekara ta 377H, wadda ta yi daidai da 987M, wani mai sana'ar juyar littattafai da sayar da su a birnin Bagadaza ya zauna ya tsabtace wani aiki da ya daɗe yana tara kayansa. Sunansa Abul Faraj Muhammad ɗan Ishaƙ, wanda ya shahara da Ibnun Nadim, ko da yake wasu masu tahƙiƙi suna ganin laƙabin Annadim nasa ne shi kansa. Muƙaddimar littafin ba ta wuce 'yan layuka ba, domin a ganinsa zukata sun fi ɗokin sakamako a kan doguwar shimfiɗa. A cikinta ya bayyana cewa zai lissafa dukkan littattafan da ake samu a harshen Larabci, na Larabawa da na Ajamawa, a kowane fanni, tare da labarin mawallafansu da nasabarsu da garuruwansu da shekarun rasuwarsu, har da abin yabonsu da abin zarginsu, tun daga farkon kowane ilmi zuwa shekarar da yake rubutu. Ya sa wa aikin suna Al-Fihrist.

Masu bincike na wannan zamani sun ƙiyasta sunayen littattafan da ya kawo da kimanin 7,000, kuma mafi yawansu babu su a yau. Wannan ne ya sa duk mai nazarin tarihin tafsiri ko fiƙihu ko nahawu ko sira a ƙarnoni huɗu na farko ba shi da makawa sai ya bi ta kansa. Sai dai mutumin da ya rubuta shi ɗan Shi'a ne mai karkata ga Mu'utazilanci, kuma Hafiz Ibnu Hajar Al-Asƙalani ya yi masa kakkausan hukunci. Saboda haka tambayar da ke gaban ɗalibi ita ce: a wane wuri ake karɓar shaidar wannan mutum, a wane wuri kuma ake dakatawa?

Kasuwar warraƙai

Mahaifin Ibnun Nadim warraƙi ne, kuma ɗan ya gaji sana'ar. Warraƙi a wancan zamani shi ne mai sayar da takarda da tawada, shi ne mai juyar littafi da hannu, shi ne mai ɗinke shi, shi ne kuma dillalinsa. Al-Ya'aƙubi, wanda ya siffanta Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 3, ya ce shagunan warraƙai a kasuwarsu sun haura ɗari. Abin da ya haifar da wannan kasuwa shi ne shigowar takarda daga gabas, wadda ta fi fata araha, ta kuma fi takardar ciyawar Masar ƙwari. Ibnun Nadim ya san wannan kaya irin sanin da ɗan kasuwa yake yi wa hajarsa. Ya ce takardar Kurasan da kittani ake yin ta, ya kawo saɓanin mutane a kan ko zamanin Umayyawa ta fara ko na Abbasiyawa, ya ambaci zancen masu cewa wasu masu sana'a ne daga Sin suka fara yin ta a can, sannan ya jera ire-irenta guda shida: Sulaimani da Ɗalhi da Nuhi da Fir'auni da Ja'afari da Ɗahiri.

Shagon warraƙi kuwa majalisa ce. Ibnun Nadim ya zauna da Abu Sa'id As-Sirafi mai sharhin littafin Sibawaihi, ya ruwaito daga Abul Faraj Al-Asfahani mai Al-Agani da kuma Al-Marzubani, ya kuma yi hulɗa da Yahya ɗan Adi, Kirista, shugaban masana manɗiƙi na Bagadaza a lokacinsa. Ya ba da labarin cewa wata rana a kasuwar ya yi wa Yahya faɗa a kan yawan juyin littattafai da yake yi, sai Yahya ya shaida masa cewa da hannunsa ya juyi Tafsirin Ɗabari sau biyu ya kai wa sarakunan yankuna, kuma akwai lokacin da yakan rubuta kimanin warƙa ɗari a yini da dare. Duk wanda ya san girman Tafsirin Ɗabari zai gane nauyin wannan magana, zai kuma lura da cewa tafsirin wani babban imamin Musulmi ya isa fadojin sarakuna ta alƙalamin wani Kirista mai neman abin masarufi.

A cikin littafin akwai labarin da ya shahara na mutum uku da Abu Hiffan ya ce bai ga masu son littafi kamarsu ba. Al-Jahiz yakan yi hayar shagunan warraƙai ya kwana a ciki yana karatu. Al-Fatahu ɗan Khaƙan, na hannun daman Halifa Mutawakkil, yakan ɓoye littafi a hannun rigarsa ko cikin huffinsa, da zarar halifa ya tashi sai ya zaro shi. Na ukun shi ne Alƙali Isma'il ɗan Ishaƙ, jigon Malikiyyar Iraƙi, wanda ba a shiga wurinsa face an tarar da shi yana duba littafi ko yana kaɗe masa ƙura.

An kasa Al-Fihrist maƙala goma. Shida na farko sun shafi ilmomin Musulunci da na Larabci: rubuce-rubucen al'ummu da saukakkun littattafai da Alƙur'ani, sai nahawu da lugga, sai tarihi da nasaba da adabi, sai waƙa, sai ilmin kalam, sai fiƙihu da hadisi. Huɗun ƙarshe sun ƙunshi falsafa da ilmomin mutanen da, sai tatsuniyoyi da sihiri da makamantansu, sai addinan da ba na saukakken littafi ba, sai ilmin juya ƙarafa.

Adakar Hadisa

Wurin da ya fi kowane nuna irin idon da Ibnun Nadim yake da shi yana cikin maƙala ta biyu, inda yake neman hujja a kan cewa Abul Aswad Ad-Du'ali ne ya fara aza harsashin nahawu. Ya ce a garin Hadisa akwai wani mutum, Muhammad ɗan Husaini, da ake kira Ibnu Abi Ba'ara, mai tara littattafai, wanda bai taɓa ganin taska irin tasa ba. Mutumin yana da rowar abin da ya mallaka, yana kuma tsoron kada sarakunan Banu Hamdan su ƙwace. Bayan sun saba, sai ya fito masa da wata babbar adaka mai ɗauke da kimanin raɗali 300 na fatu da takardun Masar da na Sin da na Tihama da na Kurasan. Wani mutumin Kufa ne ya bar masa ita da zai rasu, saboda abota da kuma tarayya a Shi'anci.

Abin da ya ja hankalin Ibnun Nadim shi ne cewa a kan kowane juzu'i ko warƙa akwai sa hannun malamai, ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana shaidar cewa wannan rubutun wane ne, a ƙarƙashinsa kuma wani yana shaidar rubutun mai shaidar. A ciki ya ga rubutun Abu Amru ɗan Ala'i da Al-Asma'i da Sibawaihi da Al-Farra'u da Al-Kisa'i, da na malaman hadisi irin su Sufyanu ɗan Uyaina da Sufyanus Sauri da Al-Auza'i. Ya ga mus'hafi da hannun Khalid ɗan Abil Hayyaj, sahibin Sayyidina Aliyu (RA). Ya kuma ga warƙa huɗu, waɗanda yake zaton takardar Sin ce, masu ɗauke da bayanin fa'ili da maf'uli daga Abul Aswad, da hannun Yahya ɗan Ya'amar. Da mai adakar ya rasu sai ta ɓace. Ibnun Nadim ya ce ya yi ta cigiya, amma bai sake ganin komai daga cikinta ba sai mus'hafin nan.

Mai nazari yana da damar ya yi shakkar ko warƙoƙin nan huɗu na Abul Aswad ne da gaske, musamman da yake takarda ba ta yaɗu a Iraƙi ba a ƙarni na 1. Amma hanyar da aka bi abar lura ce. Silsilar sa hannu a kan takarda isnadi ne da aka mayar rubutu, kuma Ibnun Nadim ya rarrabe abin da ya tabbatar da abin da yake zato. Wannan ɗabi'a ta bi littafin gaba ɗaya: yakan ce ya gani da idonsa, ko ya karanta da hannun wane, ko wani amintacce ya gaya masa, ko kuwa an ce.

Irin wannan ido ne ya sa a babin mus'hafai. Bayan ya kawo jerin surori na mus'hafin Ibnu Mas'ud da na Ubayyu ɗan Ka'abu (RA) kamar yadda Al-Fadlu ɗan Shazan ya ruwaito, sai ya ƙara da cewa shi kansa ya ga mus'hafai da dama waɗanda masu juyarsu suka jingina wa Ibnu Mas'ud, amma babu biyu a cikinsu da suka dace da juna. Wannan jimla guda tana da nauyi a muhawarar da wasu Turawa masu nazarin gabas suka tayar a kan mus'hafan Sahabbai, domin shaida ce ta mai sana'a, wanda ba shi da wata riba a kare matsayin Ahlus Sunna, cewa a ƙarni na 4 abin da ake sayarwa da wannan suna ba shi da wani asali guda da ake komawa gare shi.

Waƙa, lugga da tarihi

A maƙalar waƙa ya yi abin da sai ɗan kasuwa zai yi tunaninsa. Yakan faɗi adadin warƙoƙin diwanin kowane mawaƙi, kuma ya bayyana cewa warƙar da yake nufi ita ce Sulaimaniyya mai layi ashirin a kowane shafi, domin mai saye ya san ko abin da aka miƙo masa cikakke ne ko an tauye. Yakan kuma faɗi wanda ya tattara diwanin da wanda ya fi kyautata aikin. Game da Al-Mufaddaliyyat ya ce ƙasidu 128 ne, suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon masu ruwaya, kuma ingantacciyar ruwaya ita ce ta Ibnul A'arabi.

Ya san ha'incin da ke cikin sana'arsa, bai kuma rufa wa abokan sana'ar asiri ba. Ya kawo cewa babban littafin waƙe-waƙe da ake jingina wa Ishaƙ Al-Mausili ba nasa ba ne, kamar yadda ɗansa Hammadu ya shaida. Wani warraƙi ne mai suna Sindi ɗan Aliyu ya harhaɗa shi bayan rasuwar Ishaƙ ya liƙa masa. Game da Kitabul Aini ya kawo daga Ibnu Duraid cewa littafin ya iso Basra ne a shekara ta 248H, a hannun wani warraƙi daga Kurasan, cikin juzu'i 48, aka sayar da shi dinari 50. Tsakanin wannan shekara da rasuwar Khalil ɗan Ahmad akwai fiye da shekara saba'in, kuma Ibnun Nadim ya kawo zancen masu cewa Al-Laisu ɗan Muzaffar yana da hannu a aikin. Muhawarar da ake yi har yau a kan nasabar ƙamus na farko na Larabci tana komawa ga wannan shafi.

Asarar ta fi bayyana a maƙala ta uku. Mai karatu yakan wuce shafi bayan shafi na sunayen littattafan Abul Hasan Al-Mada'ini, fiye da 200, a kan sirar Annabi (SAW) da labaran Ƙuraishawa da halifofi da yaƙe-yaƙe da buɗe garuruwa, alhali abin da ya iso wannan zamani a matsayin littafi mai zaman kansa bai wuce ƙananan risaloli biyu ba. Hishamu ɗan Kalbi yana da sunaye fiye da ɗari, waɗanda suka tsira kuwa 'yan kaɗan ne, irin su Jamharatun Nasab da Kitabul Asnam. An ce Al-Waƙidi ya bar adaka 600 ta littattafai, kowace sai mutum biyu sun ɗauka, kuma yana da bayi biyu masu yi masa rubutu dare da rana.

Amfanin waɗannan jerin sunaye ya wuce ta'aziyya. Wanda ya buɗe Tarihin Ɗabari ko Ansabul Ashraf na Balazuri zai ga isnadai suna ta komawa ga Abu Mikhnaf da Mada'ini da Saifu ɗan Umar, ba tare da an ambaci wani littafi ba. Al-Fihrist ne yake nuna cewa a bayan waɗannan isnadai akwai rubutattun littattafai masu suna, kowanne a kan waƙi'a guda, kamar Jamal ko Siffin ko kisan Husaini (RA). Da wannan ne mai bincike yake iya gane cewa dogon labarin da ya karanta a Ɗabari yanki ne na littafin mutum ɗaya mai ra'ayi sananne, sai ya auna shi da ma'aunin da ya dace da shi. Ibnun Nadim ya ma kawo wata ƙa'ida ta malamai: Abu Mikhnaf ya fi sanin al'amarin Iraƙi, Mada'ini na Kurasan da Hindu da Farisa, Waƙidi na Hijaz da sira, sun kuma yi tarayya a labarin buɗe Sham.

Mutanen da

Maƙala ta bakwai ita ce tushen mafi yawan abin da aka sani game da harkar fassara a zamanin Abbasiyawa. A nan ne aka kawo labarin mafarkin da Halifa Ma'amun ya yi da Arisɗo, da wasiƙarsa ga sarkin Rum, da tawagar da ya aika wadda ta ƙunshi Hajjaju ɗan Maɗar da Ibnul Baɗriƙ da Salmu mai kula da Baitul Hikma. Labarin mafarkin ya fi kama da abin da aka tsara daga baya don ɗaukaka Ma'amun, domin littafin kansa ya nuna an fara fassara tun zamanin Mansur. Abin da ba shi da madadi shi ne lissafin: kowane littafin Arisɗo da Jalinus da Iƙlidis, wa ya mayar da shi Suryananci, wa ya mayar da shi Larabci, wa ya gyara, wa ya yi sharhi, wane sashe ne kuma ba a samu ba. Ya kawo daga Yahya ɗan Adi cewa an taɓa yi masa tallar sharhi biyu na Iskandar Al-Afrudisi a kan dinari 120, ya tafi neman kuɗi, kafin ya dawo an sayar da su tare da wasu littattafai ga wani mutumin Kurasan a kan dinari 3,000.

Ya kuma ba da labarin wasu tsofaffin littattafai da aka tono cikin akwatuna a ganuwar Isfahan, waɗanda waziri Ibnul Amid ya aiko da su Bagadaza a shekarun 340H. Ibnun Nadim ya gan su da idonsa, ya ce warinsu kamar yanzu aka fito da su daga majema. Da masana Yunananci suka warware rubutun, sai ya kasance sunayen sojoji ne da adadin albashinsu. Bai ƙara wa labarin gishiri ba, kuma wannan kansa shaida ce a gare shi. Ta hanyarsa ne kuma ake sanin sunayen littattafan tarihin Farisa da Ibnul Muƙaffa ya fassara, irin su Khudainama, waɗanda asalinsu da fassararsu duk suka salwanta, sai gutsattsarin da masu tarihi suka ciro.

A kan tatsuniyoyi bai ɓata lokaci ba. Ya ce littafin Farisawa Hazar Afsan, wanda shi ne asalin Dare Dubu da Ɗaya, ya ƙunshi darare dubu amma labaransa ba su kai 200 ba. Ya gan shi cikakke sau da dama, kuma a ganinsa littafi ne maras armashi. Bayaninsa a kan Manawiyya kuwa yana cikin mafi inganci da aka mallaka kafin a tono rubuce-rubucensu a Turfan a farkon ƙarni na 20 na Miladiyya. Ya ce a zamanin Mu'izzud Daula ya san kimanin 300 daga cikinsu a Bagadaza, amma a lokacin da yake rubutu ba su kai biyar ba. A shekarar 377H ɗin nan ya haɗu da wani rahibi mutumin Najran da ya dawo daga Sin, ya yi masa tambayoyi, ya rubuta abin da ya ji.

Hukuncin Ibnu Hajar

Al-Khaɗib Al-Bagdadi bai ba Ibnun Nadim tarjama a Tarikh Bagdad ba. Yaƙut Al-Hamawi ya ba shi 'yan layuka, ya yaba faɗin saninsa, ya kuma kwashi abu mai yawa daga littafinsa, kamar yadda Al-Ƙifɗi da Ibnu Abi Usaibi'a suka yi. Ibnu Hajar (ya rasu 852H/1449M) shi ne ya tsaya ya yi masa hisabi a Lisanul Mizan. Ya ce da ya karanta Al-Fihrist ya tabbatar mawallafinsa Barafile ne Bamu'utazile, yana kiran Ahlus Sunna Hashawiyya, yana kiran Ash'arawa Mujbira, yana kiran wanda ba ɗan Shi'a ba da sunan gama-gari. Ya kuma zarge shi da amintar da mutanen da malaman jarhu suka watsar, irin su Abdul Mun'im ɗan Idris da Ishaƙ ɗan Bishru, da kuma sukar amintattu irin su Abu Ishaƙ Al-Fazari.

Zargin yana da tushe a cikin littafin. Imam Abul Hasan Al-Ash'ari da Ibnu Kullab suna cikin fannin da aka sa wa sunan Mujbira da Hashawiyya, alhali Mu'utazilawa sun samu dogayen tarjamomi cikin girmamawa. Ya siffanta Imam Shafi'i da tsananin Shi'anci, ya ce Waƙidi ɗan Shi'a ne mai taƙiyya, kuma duka biyun ba su da madogara. Tarjamar Bukhari da ta Muslim ba su wuce 'yan layuka ba. Wanda ya ɗauki hukuncin Ibnun Nadim a kan adalcin mai ruwaya ko aƙidar wani imami ya ɗebi ruwa a rijiyar da ba tata ba, domin mutumin ba ma'abocin wannan fanni ba ne, kuma yana da ɓangare.

Sai dai hukuncin Ibnu Hajar ya faɗa ne a kan jarhu da ta'adili, wato fagen da Lisanul Mizan yake aiki a ciki. Bai taɓa ɗaya shaidar ba, wadda ita ce mafi yawan littafin: cewa littafi kaza yana nan, na wane ne, warƙa kaza ne, an gan shi da hannun wane. A wannan fage, duk lokacin da aka gano wani tsohon rubutu aka gwada shi da bayanin Al-Fihrist, galibi sai a tarar sun dace. Kuma son ransa bai hana shi lissafa littattafan waɗanda yake saɓa wa ba. Ya jera littattafan Shafi'i babi-babi. Ya keɓe wa Dawud Az-Zahiri fanni guda da dogon jerin ayyukansa, waɗanda ba su tsira ba. Ya keɓe wa Ɗabari da mabiyansa fanni a matsayin mazhabar fiƙihu mai zaman kanta, tare da Mu'afa ɗan Zakariyya An-Nahrawani wanda yake raye a lokacin. Imam Ahmad kuwa ya sa shi cikin fuƙaha'un ma'abota hadisi ba tare da keɓe masa fanni ba. Wannan tsari hoto ne na yadda mazhabobi suke a idon mutumin Bagadaza kafin a tsaya a kan huɗu, kuma littattafan ɗabaƙat da aka rubuta daga baya ba sa nuna shi da wannan haske.

Akwai wata iyaka da ba ta da alaƙa da aƙida, ita ce ta wuri. Duniyar Ibnun Nadim ita ce abin da ya iso kasuwar Bagadaza da taskokin Mausil. Andalus kusan babu ita a littafin. Fannin Malikiyya gajere ne, kuma Malikawan Iraƙi, irin su Alƙali Isma'il da Abubakar Al-Abhari, su ne suka fi samun wuri. A ƙarshensa ya ambaci Abdullahi ɗan Abu Zaid Al-Ƙairawani a matsayin ɗaya daga cikin masu falala na zamaninsa, domin a lokacin yana raye (ya rasu 386H/996M). Ya kawo Mukhtasar ɗinsa da An-Nawadir, amma Risala, wadda ɗaliban zaure a ƙasar Hausa suke karantawa har gobe, ba ta cikin jerin. Rashin ambaton littafi a Al-Fihrist ke nan ba hujja ba ce a kan cewa babu shi. Haka nan da ya zo kan rubuce-rubucen baƙaƙen fata, ya lissafa Zagawa da Beja da Zanj cikin waɗanda ba a san su da wani alƙalami ba, ya ce Nubawa suna amfani da rubutun Suryananci da na Rum da na Ƙibɗawa saboda addini, ya kuma siffanta rubutun Habasha da cewa daga hagu yake tafiya zuwa dama. Duk wannan jiyau ne, kuma nisan wurin ya bayyana a gajartar bayanin.

Yadda littafin ya tsira

Mafi rinjayen zance shi ne Ibnun Nadim ya rasu a watan Sha'aban na 380H/990M, wasu kuma sun ce 385H. Bai ɗauki aikinsa a matsayin wanda ya kammala ba. Ya bar gurabe farare a wurare da yawa, inda ya rubuta sunan mutum ya bar wurin shekarar rasuwarsa ko na littattafansa. A tarjamar imamin Zaidiyya Hasan ɗan Aliyu Al-Uɗrush ya ce mabiyansa suna cewa yana da littattafai kusan ɗari waɗanda shi bai gani ba, ya roƙi duk wanda ya gan su ya rubuta su a gurbinsu. Masu karatu sun amsa wannan kira, shi ya sa ake samun shekarun da suka wuce rasuwarsa a cikin matanin. Waziri Abul Ƙasim Al-Magribi (ya rasu 418H) ya yi masa ƙari, kuma Yaƙut ya yi amfani da wannan nuskha.

Taskokin da ya sani ba su daɗe ba. Darul Ilmi da waziri Sabur ɗan Ardashir ya kafa a unguwar Karkh jim kaɗan bayan rasuwar Ibnun Nadim ta ƙone a tsakiyar ƙarni na 5, wajen shigowar Saljuƙawa, shekara ɗari biyu kafin Hulaku ya shiga birnin a 656H/1258M. Ɗora dukkan asarar a kan Mongolawa sauƙaƙa al'amari ne. Gobara da rikicin unguwanni sun ci nasu rabo, kuma mafi yawan ƙananan littattafan ƙarni na 2 da na 3 sun mutu ne a hankali, domin da manyan kundaye irin na Ɗabari suka haɗiye su, sai masu saye suka daina nema, warraƙai kuma suka daina juya.

Bugun farko na Al-Fihrist aikin Bajamushe Gustav Flügel ne, wanda ya rasu a 1870 kafin ya fito. Johannes Roediger da August Müller suka kammala shi aka buga a Laifzig a 1871 da 1872. Rubuce-rubucen da ya dogara da su suna da giɓi, mafi girmansa shi ne farkon maƙala ta biyar a kan Mu'utazilawa. Daga baya aka gane cewa mafi tsufan nuskha ta rabu gida biyu. Rabin farko yana ɗakin karatu na Chester Beatty a Dablin da lamba 3315, rabi na biyu kuma yana Sulaimaniyya a Istanbul cikin tarin Shahid Ali Basha da lamba 1934. A kan rabin farko akwai rubutun Al-Maƙrizi, akwai kuma alamar waƙafin da Ahmad Basha Al-Jazzar ya yi wa masallacinsa na Akka. Da wannan nuskha, da wani yanki da aka samu a Tonk ta ƙasar Indiya, Bayard Dodge ya fitar da fassarar Ingilishi a 1970, Rida Tajaddud ya buga matanin a Tehran a 1971, sannan Aiman Fu'ad Sayyid ya sake tahƙiƙinsa a ƙarƙashin Mu'assasar Al-Furƙan ta Landan a 2009. Wanda ya juyi tsohuwar nuskhar ya ɗauko ta ne daga ta hannun mawallafin, ya kwaikwayi rubutunsa, kuma duk inda ya tarar da gurbi fari ya bar shi fari kamar yadda ya same shi.